CITTA: YADDA AKE SHUKA TA A GIDA DA YADDA AKE AMFANI DA ITA

Maigida da uwargida, wannan takarda taku ce. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a sa ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Babu gidan da ba a san citta ba. Tana cikin fura, tana cikin kunu, tana cikin yajin mai jego. In mura ta kama mutum, ita ake fara nema. Amma daga Bagudo zuwa Zagga, daga Ka'oje zuwa Illo da Lolo, da wuya ka ga wanda ya shuka ta. Kowa saye yake yi a kasuwa, yana tsammani ba ta yi a ƙasarmu. To, tana yi, in an san halinta. A nan za a gaya maka yadda za ka shuka ta a gindin itacen gidanka, da yadda za ka adana ta, da ciwon da take taimaka wa, da kuma ciwon da ba ta iya masa kome. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, gama rai ake magana.

MECE CE CITTA?

Citta tsiro ne mai son inuwa da laima. Tsayinta ba ya wuce ƙafa 2 zuwa 3. Ganyenta siriri ne mai tsini, kamar na gora, in ka murza shi za ka ji ƙanshi. Wani lokaci, in ta ji daɗin wuri, takan fid da wani kara dabam daga ƙasa, da dunƙule a kansa, daga cikin dunƙulen nan fure yake fitowa, rawaya da ɗigon shunayya. Amma ba ta yin 'ya'yan da za a shuka.

Abin da muke ci mutane suna kiransa saiwa. A gaskiya kara ne wanda ke kwance cikin ƙasa, yana rassa kamar yatsu, shi ya sa ake ce mata citta mai yatsu. A jikinsa akwai idanu kamar na dankali. Daga idanun nan sabon tsiro yake fitowa.

Asalinta daga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ne, fatake suka yaɗa ta. Larabawa suna kiranta zanjabil. Ƙasar Indiya ta fi kowace ƙasa noman ta, Nijeriya kuwa tana cikin na gaba. A ƙasarmu an fara noman ta don sayarwa wajen 1927 a kudancin Lardin Zariya, har yanzu kuma Kaciya da Kwoi da Kagarko da Kafancan su ne gidan citta. Iri biyu aka fi sani. Akwai Tafin Giwa, mai faɗi, cikinta rawaya. Akwai Yatsun Biri, sirara, cikinta ya fi duhu.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka tashi hannu wofi. Nan da nan citta ta yi tsada ƙwarai a duk kasuwanni, har namu. Wanda ke da gindi goma a bayan ɗaki, irin wannan tsada ba ta taɓa shi sosai.

INDA ZA KA SHUKA TA

Ruwan samanmu bai kai na kudancin Kaduna ba, ranarmu kuma ta fi tasu zafi. Saboda haka kada ka kai ta tsakiyar gona tare da gero, za ta ƙone. Nemo mata wuri mai waɗannan halaye:

1. Inuwa mai ratsin rana, kamar gefen inuwar mangwaro, ko gwaiba, ko lemo, ko ayaba, ko gabashin ɗaki inda hantsi ke taɓawa amma zafin azahar ba ya kai wa. Duhun inuwa ƙirin ba shi da kyau, saiwa ba za ta yi girma ba.

2. Ƙasa mai laushi mai taki, wadda ruwa ke wucewa. Citta tana son laima, amma ba ta son kwanciyar ruwa. In ruwa ya kwana 2 ko 3 a gindinta, ta ruɓe. Ku mutanen bakin Kwara, kun ga ambaliyar 2020. Kada ku shuka ta a fadamar da kogi ke cinyewa. Ku hau tudu.

3. Kusa da ruwa, domin za ka ba ta ruwa da hannu kafin damina ta zauna da kuma bayan ta ɗauke.

4. Nesa da shadda da makwarara. A kewaye wurin da ƙaya ko zana saboda awaki da kaji.

Ga wata dabara. A gidaje da yawa akwai wurin da ruwan alwala da ruwan wanke shinkafa ke taruwa ya yi taɓo. Nan sauro yake ƙwai. In ka ja 'yar hanya ruwan ya bi zuwa kunyar citta, ƙasa ta shanye shi, ka rage sauro, ka kuma sami yaji. Amma ban da ruwan sabulu.

Wanda ba shi da fili ya nemi tsohon buhu, ko fasasshiyar tukunya, ko tsohon bokiti. Ya huda gindin don ruwa ya fita, ya cika da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, da ɗan yashi. Uwargida tana iya wannan a cikin gida ba tare da ta fita ba.

IRI DA SHUKA

Busasshiyar citta ba ta tsira. Ɗanya za ka nema, mai nauyi, mai ƙarfi, marar laushi, marar baƙin tabo. Karya ɗan yatsa ɗaya ka duba. In cikin ya yi ruwa-ruwa ko yana wari, bar ta, cuta ce za ka kai gida. In kana da halin tambayar malamin gona inda za ka sami iri mai lafiya, ya fi.

Ga yadda za ka yi:

1. Ka jiƙa ta cikin ruwa dare ɗaya, sa'an nan ka rufe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Bayan 'yan kwanaki za ka ga idanun sun kumbura.

2. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa da wuƙa mai tsabta, kowace gunduwa tsawon inci 1 zuwa 2, da ido ɗaya ko biyu a jikinta.

3. Ka shafa toka a wurin yankan, ka bar su a inuwa wuni ɗaya bakin ya bushe.

4. Ka yi kunya mai tudu, tsayinta kamar taƙi ɗaya, ka cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona ta.

5. Ka binne kowace gunduwa zurfin inci 2, ido yana duban sama. Tsakanin wannan da wannan a bar taƙi ɗaya, watau kamar inci 8.

6. Ka rufe kunyar duka da busasshen ganye, ko ciyawa, ko ƙaiƙayin shinkafa, kaurin yatsu huɗu. Kada ka raina wannan rufi. Shi ke riƙe laima, ya sanyaya ƙasa, ya hana ciyawa fitowa.

Lokacin shuka shi ne watan Mayu in kana da ruwan ba ta, ko farkon Yuni in damina ta sauka. Kada ka ƙosa. Takan yi mako 2 zuwa 4 kafin ta fito. Sannu ba ta hana zuwa.

KULA DA ITA

In an kwana biyu ba a yi ruwa ba, tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji ta bushe, ba ta ruwa da safe ko da maraice. In da laima, ƙyale ta. Ciyawa da hannu ake cire ta, gama fartanya tana sare saiwa. Bayan wata 2 ka ƙara taki, ka tara ƙasa a gindin, ka sake rufi. In ka ga saiwa ta leƙo waje, rufe ta.

In wani gindi ya yi rawaya tun damina ba ta ƙare ba, kara ya yi laushi yana tugewa da sauƙi, cuta ce. Haƙe shi duk da ƙasar da ke kewaye, ka ƙone shi nesa. Kada ka zuba shi cikin taki. Kada kuma ka sake shuka citta a wurin nan sai bayan shekara 3.

Damina takan ɗauke mana wajen Oktoba, citta kuwa ba ta gama ba. Ci gaba da ba ta ruwa har ganyen ya soma rawaya don kansa.

HAƘA DA SHANYA DA AJIYA

Daga wata 5 kana iya tona gefe ka karyi ɗan yatsa don miya, ka mai da ƙasa. Amma ba ta ƙosa sai wata 7 zuwa 9, watau wajen Disamba ko Janairu. Alamarta ita ce ganye ya bushe, kara ya kwanta. Ka daina ba ta ruwa mako 2, sa'an nan ka haƙa a hankali.

Da farko ware irin baɗi, masu kyan ciki. Ka yi rami a inuwa, ka shimfiɗa busasshen yashi, ka jera su, ka rufe da yashi da ganye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran a wanke, a tsaga su biyu a tsaye, a shanya kan tabarma ko kan rumfa. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin hanya inda ƙura da kashin dabbobi suke. A riƙa juyawa, a kwashe da dare saboda raɓa. In ta bushe sarai za ka ji ta karye ƙas. In tana lanƙwasa, da saura.

Ka lura da wannan ƙwarai. Cittar da aka ɗaure ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna. Wata funfunar tana fid da dafi wanda likitoci ke kira aflatoksin, irin wanda ke shiga gyaɗa da masara. Dafin nan yana lalata hanta a hankali, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. Duk cittar da ka ga ta yi kore-kore ko baƙi-baƙi, ko tana warin ruma, zubar da ita, ko ta gida ce ko ta kasuwa. Kada kuma ka zuba mata maganin ƙwari don ajiya. Busasshiyar tukunya ko gwangwani mai murfi ya isa.

In saye za ka yi, sayi mai yatsu ka daka da kanka. Garin da aka riga aka niƙa ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

CITTA A TUKUNYA

Ke uwargida, wannan fagenki ne, ba sai an koya miki ba. Kin san citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono su ne kayan yaji. Kin san fura ba ta daɗi sai da ita, haka koko da kunun tsamiya da kunun zaƙi da zoɓo. Tana kashe ƙarnin kifin Kwara a farfesu, ɗanyarta kuma tana sa nama ya yi laushi in an goga an cuɗa kafin a ɗora. Masu kilishi da masu tsire ba su rabuwa da ita.

Kin lura busasshiya ta fi ɗanya zafi? Dalili shi ne, abin da ke ba ɗanya yaji, wanda ake kira jinjarol, in ya sha rana ko wuta yakan juye ya zama wani abu mai zafin da ya fi nasa. Saboda haka in da busasshiya za ki yi aiki, rage hannu.

Lemun citta, wanda mutanen Gaya da Malanbil ke kira lemu-hari, abin sha ne mai kyau lokacin zafi da lokacin azumi. Amma lafiyarsa tana ga ruwan da aka yi shi. Yajin citta ba ya kashe ƙwayoyin kwalara ko na taifot. In za ki yi lemun citta ko zoɓo, don gida ko don talla:

1. Ki wanke hannu da sabulu.
2. Ki tafasa ruwan, ki bar shi ya huce a rufe.
3. Ki wanke cittar da turmin da matacin.
4. Kada ki sa ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba.
5. Kada ki ɗura cikin tsintacciyar roba sai kin wanke ta da sabulu da ruwan zafi.
6. Ki rage sukari. Yawansa yana ɓata haƙoran yara, yana kuma cutar mai ciwon sukari.

CIWON DA CITTA KE TAIMAKA WA

Likitoci sun gwada citta a ƙasashe da yawa. Ga inda aka ga tana da amfani.

Tashin zuciyar mai ciki. Nan ne amfaninta ya fi tabbata. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta cikin abubuwan da mai ƙaramin ciki za ta iya sha don laulayi. Ma'auninta shi ne giram 1 na gari a wuni, watau rabin ƙaramin cokalin shayi, a raba shi kashi 3 ko 4. In ɗanya ce, kamar gaɓar yatsa ɗaya ta isa wuni. A yanka ta sirara, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti 10, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Amma in mace tana amai ba tsayawa, ko ruwa ba ya zama a cikinta, fitsarinta ya ragu, tana jiri, wannan ya wuce citta. A kai ta asibiti ran nan. Shan citta kuma ba ya ɗauke zuwa awo.

Tashin zuciyar tafiya. Wanda mota ko jirgin ruwa ke sa shi amai, ya gwada shan ruwan citta ko tauna ɗan yanki rabin awa kafin a tashi. Tana yi wa waɗansu, ba ta yi wa waɗansu.

Kumburin ciki bayan cin abinci. Citta tana sa abinci ya bar tumbi da sauri. Kofi ɗaya na ruwanta da ɗumi yana sa a ji sauƙi.

Ciwon mara lokacin al'ada. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya a wuni, a rarraba, cikin kwana 3 na farko, yana rage ciwon ga mata da yawa. In jinin ya yi yawa ƙwarai, ko ciwon ya hana tashi, a ga ma'aikaciyar lafiya.

Mura da kaushin maƙogwaro. Ruwan citta da ɗumi, da lemun tsami da ɗan zuma, yana sanyaya maƙogwaro. Ba ya kashe murar, ita da kanta take wucewa cikin mako guda ko fiye kaɗan, amma yana rage wahala.

Babba mai lafiya kada ya wuce ƙaramin cokali 2 na gari a wuni, duk da wadda ke cikin abinci. Kome ya yi yawa ya ɓaci.

CIWON DA CITTA BA TA WARKARWA

Karanta wannan sashe sau biyu.

Zazzaɓi. In mutum ya sha citta yakan yi gumi, jiki ya ɗan yi sanyi, sai a ce zazzaɓi ya tafi. Bai tafi ba. Ƙwayar cutar da sauro ya sa tana nan cikin jini tana ƙaruwa. A binciken da aka yi a duk Nijeriya a 2021, an sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yara 49 cikin kowane 100 na Jihar Kebbi, babu jihar da ta kai haka. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti kafin a kwana, a gwada jininsa, in an ba da magani a shanye shi duka kwana 3. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amai da kome, ko yake taune-taune, ko ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi nan take, ko da tsakar dare ne. Yanzu ba mu da uzuri: a Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ana yi wa yaro a wata 5, da 6, da 7, da 15. Ko an yi allura, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Gudawa. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Citta ba ta mai da shi. A ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti. In babu, a haɗa a gida: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci, a karɓo ƙwayar zink a ba shi kwana 10 zuwa 14. In da jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko gudawar kamar ruwan shinkafa, sai asibiti.

Tari. Tarin da ya kai mako 2, ko mai jini, ko mai sa rama da gumin dare, a je a gwada majina saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ciwon huhu ne, citta ba ta kai can.

Hawan jini da ciwon sukari. Kada wani ya ce maka ka bar ƙwayar likita ka koma citta da tafarnuwa. Ci su a abinci, amma ka riƙe maganinka, ka riƙa zuwa awo.

A kasuwannin bakin iyaka, a Lolo da Tsamiya, da tsallake a Madekali da Segbana na Jamhuriyar Benin, mutanenmu suna shiga suna fita, kaya iri-iri suna yawo. In ka ga kwalba ko ƙulli an ce haɗin citta ne mai maganin ciwo arba'in, riƙe kuɗinka. Maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, ko ba shi da ranar lalacewa, ba ka san abin da ke ciki ba.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

1. Jariri. Daga haihuwa zuwa wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba a ba shi, balle jiƙo. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara ɗaya, gama takan ɗauko wata cuta mai shanye jikin jariri.

2. Mai ƙwarnafi ko gyambon ciki. In ka ji tana ƙara maka zafin ƙirji, rage ko ka bari. Kada ka sha ta da wofin ciki.

3. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa aiki a asibiti, da mai tsakuwa a matsarmama. Su gaya wa likita kafin su sha ta a matsayin magani.

4. Mai ciki. Kada ta wuce ma'aunin da aka faɗa. In ta ga jini, ko haihuwa ta matso, ta tsaya ga wadda ke cikin abinci.

5. Mai jego. Citta a yaji da kunu ba laifi. Abin tsoro shi ne kanwa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya da ke kama masu jego yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa da yawan gasa jiki. A rage kanwa, a ƙara mata wake da kifi da ƙwai da ganye. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, a kai ta asibiti.

Har wa yau, ba a sa citta a ido, ko a kunne, ko a kan gyambo, ko a gaba, ko a dubura, ko don magani ko don horon yaro. Ƙuna take yi, ba ta warkar da kome a nan.

'YAN UWAN CITTA

Gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum, ɗan uwan citta ne. Ganyensa ya fi faɗi, cikinsa rawaya ƙwarai. Yadda ake shuka citta haka ake shuka shi, a inuwa ɗaya. Yana ba shinkafa da miya launi. Amma launinsa ba ya nufin yana maganin shawara. Wanda idonsa ya yi rawaya, hanta ko jini ne ke da magana, sai gwaji.

Akwai kuma citta mai ƙwaya, wadda ke zuwa cikin ƙoƙo, 'ya'yanta ƙanana masu yaji. Ita a inuwar kurmin kudu take, ganyenta kore shar rani da damina, furenta yana fitowa daga gindi dab da ƙasa. Turawan da suka zo gaɓar tekun Afirka ta Yamma shekaru ɗaruruwa da suka wuce sun yi cinikinta sosai, har suka sa wa gaɓar Laberiya sunanta. Iskarmu ta yi mata bushewa, saboda haka ita sai dai saye.

ABIN TUNAWA

Citta tana son inuwa da laima, ba ta son kwanciyar ruwa.
A shuka ɗanya mai lafiya, a rufe kunya da ganye.
A shanya kan tabarma, a zubar da mai funfuna.
A tafasa ruwan lemun citta da na zoɓo.
Citta tana rage tashin zuciya da kumburin ciki da wahalar mura.
Citta ba ta maganin zazzaɓi, ko gudawa, ko tarin fuka.
Jariri sai nono har wata 6.

Bana ka gwada gindi goma. In sun yi, ka ba maƙwabcinka iri, ka kuma gaya masa abin da ka karanta a nan. In da abin da ya shige maka duhu, tambayi malamin gona ko malamin asibitin garinku. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu damina mai albarka.